A-kori-kurar Pak Wiryo da Hawan Ceɗiya

Ajiye kofin nan kada ka ƙware. Wallahi abin da zan gaya maka, ko liman na ɗauko ya tsaya a bayana yana gyaɗa kai, ba za ka yarda ba. Ni kaina da abin ya faru a kaina, sai na shafa kafaɗata na ji kantar buhu sannan nake gaskatawa.

Ni ne Ngadiran, ana ce mini Diran. Duk gangaren dutsen Sumbing, daga ƙauyenmu har kasuwar Parakan, babu mai kunnen inji irin nawa. Mota na wucewa ina kwance ido rufe zan gaya maka ciwonta, ko da ita kanta ba ta san tana da shi ba. Na yi makarantar koyon gyaran mota, sai dai ban ƙarasa ba. Maƙiya na cewa wai korata aka yi don na saka kwaɗo a hular kwanon shugaban makaranta. Ƙarya ne. Kwaɗi biyu ne, kuma dama na riga na fi malaman sani.

Ina zaune a gidan surukina Pak Wiryo, manomin taba, mutumin da ko hon ɗin motarsa ba ya dannawa don kada ya ƙare. Yana da tsohuwar a-kori-kura shuɗiya. Ita ke hawa da takin kaji gonakin sama lokacin shuka, ita ke saukowa da kwandunan taba lokacin girbi. Yana kuma da wata rumfa a bakin titi, babu mai haya a cikinta sai gizo-gizo. Wannan rumfar nake so. Har allon na gama rubutawa a zuciyata: Garejin Injiniya Diran. Amma duk sanda na tayar da maganar sai ya ce, "Wane injiniya? Wanda ya gyara mana rediyo ta daina kama tasha ta koma kama wuta?" Matata Partinah ta tuntsire da dariya. Ba laifinta ba ne, 'yarsa ce, gado ta yi.

Ana nan sai tari ya kama Pak Wiryo. Likita ya ce ya bar taba ko ya bar duniya, ya zaɓi ɗaya. Surukata Saminem, matar da ko zakaran gidan ba ya cara sai ya duba fuskarta, ta sa shi ya tattaro duk tabar da ya ajiye wa kansa ya ƙone a tsakar gida, ya kuma rantse mata ko tsinke bai rage ba. Ya rantse, har da hawaye.

Wata rana na hau rufin turken awaki neman ƙwan tattabaru, sai hannuna ya taɓo leda. Baƙar taba ce mai danƙo, irin wadda ba ta fitowa sai a gonar ƙololuwar dutse, ita ma sai a shekarar da rani ya yi tsawo. Ashe ganyen banza tsohon ya ƙone rannan, hawayen ma na hayaƙi ne.

Na ɗauke. Ba sata ba ce, wasa ne. So nake in ga yadda mutum zai yi cigiyar abin da ya rantse ba shi da shi. Washegari kuwa na same shi a kan tsani, kai cikin rufi.

"Baba, me ake nema a sama?"

"Ba komai. Dubawa nake ko rufin na yoyo."

"Ai ba a yi ruwa ba."

"Shi ya sa nake dubawa yanzu, sakarai. Riƙe mini tsani."

Maɓoya kuwa na samu wadda ko Saminem ba za ta leƙa ba. A saman injin motar akwai wata baƙar tukunya mai faɗi, noti ɗaya mai kunnuwa ke riƙe da murfinta. Da na buɗe sai na tarar da wani zagayayyen gammo na takarda, duk ƙura. Na tabbata sun yi bayaninsa a makaranta, ina jin dai a makon kwaɗin ne. Na ce masu ƙera mota ba sa rabo da ɓarna, wuri mai kyau haka a cika shi da shara. Na cire gammon, na kakkaɓe, na kai wa Partinah kyauta ta riƙa ɗora tukunyar shinkafa. Na ɗaure bakin ledar da jar robar gashinta, na haɗa da takarduna na naɗin taba, na saka. Ta shige daram, kamar don ita aka yi wurin.

Ba a jima ba motar ta tsiri wani sabon hali. A miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau. A gangara har waƙa take yi. Amma da an zo hawan ceɗiya, inda hanya ke miƙewa tsaye kamar tsani, direba ya take totur har ƙasa, sai ta shaƙe. Ta yi gurnani, ta yi tari, ta feso baƙin hayaƙi, ƙarfi ya zube, ta tsaya cak a gindin bishiyar. A kashe, a ɗan jira, a tayar, ta tashi kamar ba ita ba. Yau ta haye ko tari babu, gobe ta ƙi. Pak Wiryo ya kai ta wani gareji a Parakan, munafukar ta ƙi yin ciwon a gabansu, suka ce masa tsoho ne ba shi da lafiya, ba mota ba. Ya dawo yana huci.

"Kai, injiniyan rediyo."

"Na'am, Baba."

"Takin kaji na kan hanya. Ka gyara ta kafin ranar hawa da shi, rumfa taka ce."

"An gama."

"Ni ban gama ba. In ka kasa, bayanka ne a-kori-kura. Buhu-buhu, har gonar ƙololuwa."

"Baba, ka fara neman mai rubuta allo kawai."

Maƙwabcinmu Mbah Tarmo, tsohon da ba shi da sana'a yanzu sai zama a benci yana sa wa duniya ido, ya leƙo ta katanga. "Saminem, ki fara tanadin man zafi. Bayan yaron nan zai buƙata."

Na juya na ba shi darasi kyauta, da ƙarfi don duk layin su amfana. "Mbah, in mota ta rasa ƙarfi, ɗayan uku ne: wuta, ko mai, ko iska. Iska kuwa kyauta ce, ga ta nan ta cika dutse. Saboda haka na cire ta daga lissafi."

"Allah ya ƙara ilmi," in ji shi.

Na fara da wuta. Na kwance fulogai duka, na goge su tas da burushin haƙorin Pak Wiryo, na mayar da wayoyin yadda zuciyata ta raya mini. Ina murza makulli motar ta yi wani harbi ta salansa, agwagin Mbah Tarmo da ba su taɓa tashi sama ba tun ƙyanƙyasa suka tsallake rufin makarantar yara.

"Injiniya, yaƙi aka fara?"

"Gwaji ne, Mbah."

"To, agwagina dai sun ci jarrabawa. Kai fa?"

Da ƙyar na gano wace waya ce ta wane fulogi. Sai na koma kan mai. A saman hawan akwai teburin Ginem mai sayar da fetur a kwalba. Na tsaya a gabanta, hannu a ƙugu, na ce man nata da ruwa a ciki.

"Ruwan a kanka yake," ta ce. "Girgiza ka ji."

Don in kunyata ta a gaban jama'a, na zura tiyo a tankin motar na zuƙa. Na zuƙa da zuciya ɗaya, kamar yadda nake yin komai. Abin da ya shiga cikina ya isa kai babur Parakan. Ruwa dai babu, wannan na tabbatar da harshena. Saminem ta hana ni shiga kicin, Partinah ta ce in zan yi gyatsa in fita bayan gida nesa da murhu, a masallaci kuwa sahun da nake ciki ya samu yalwar da bai taɓa samu ba.

Na canza matatar mai. Na hura kafireta da baki. Na ɗaure duk wayar da ta yi mini kallon banza. Muka fita gwaji da Pak Wiryo, muna isa ceɗiya ta shaƙe. Na ɗaga bonet na ce kowa ya ja da baya, sirrin sana'a ne. A ɓoye na buɗe tukunyata, na ɗebi 'yar taba ta kwantar da hankali, na tura ledar gefe, na rufe. Sannan na ƙwanƙwasa batir da sifana don masu kallo. Aka tayar, ta haye kamar barewa.

"Baba, ka ga hannu?"

Ya dube ni, ya dubi motar, ya ce, "Hmm." Tun da na auri 'yarsa ban taɓa samun yabo mai tsawon wannan ba.

Washegari ta sake shaƙewa a wurin, ga Saminem zaune a gaba, za ta gaisuwar rasuwa, ta sha ado. Da ƙafa ta ƙarasa hawan. Abin da ta faɗa a kaina tana hawa, masu gonakin gefen hanya har yau suna maimaitawa.

Amma na lura da wani abu. In ana hawa a hankali, ba a taka totur sosai ba, ba ta shaƙewa. Mai ƙaramar ƙwaƙwalwa zai tsaya tambayar dalili. Ni kuwa nan take na ga mafita: a hau da baya, tunda da baya dole a bi sannu. Na ɗauki Pak Wiryo, na juya motar, muka fara hawa muna kallon inda muka baro. Muka wuce ceɗiya lafiya lau. Yara na bin mu suna ihu, ni ina ɗaga musu hannu kamar ɗan takara. Ɗaga hannun ne ya hana ni ganin teburin Ginem. Kwalaben suka gangara har rafi.

"Kin gani?" na ce mata ta taga. "Yanzu dai ba za ki ce man naki babu ruwa ba."

Da takalmi ta amsa. Ta iya saiti.

Ranar nan babbar mota ta zo ta jibge takin kaji a ƙofar gida, tsibi guda har ya kare taga. Pak Wiryo ya tsaya yana kallon tsibin, yana kallon bayana, kamar mai auna jaki a kasuwa. Wuta na duba, mai na duba, har na sha. Babu abin da ya rage a cikin motar. To, in ciwon ba a cikin mota yake ba, ai a waje yake.

Kowa a ƙauyenmu in zai wuce ceɗiyar nan sai ya danna hon, neman izini wurin mai wurin, wato aljanin bishiyar. Kowa, ban da mutum ɗaya. Da cin abinci na ajiye cokali na ce, "Baba, a ina take shaƙewa?"

"Ka fi ni sani. A ceɗiya."

"Ta taɓa shaƙewa a wani wurin?"

"A'a."

"Shekara nawa kana ratsa ƙofar gidan bawan Allah da warin taki, ko sallama babu?"

Saminem ta dire ludayi. "Na faɗa! Tun ina amarya nake cewa danna, danna, yana cewa batir zai sha. To ga shi nan."

"Saminem, wannan yaron fa..."

"Wannan yaron yau ya faɗi magana ta farko mai kan gado tun da ya shigo gidan nan. Gobe za a kai abinci gindin bishiya a ba da haƙuri."

Liman ya ce shi babu ruwansa da wannan shirme, ya yi zamansa. Sauran ƙauyen kuwa, da suka ji an yanka kaji, imaninsu da ceɗiya ya ƙaru ƙwarai. Da hantsi aka hallara. Ga furanni, ga baƙin kofi a gindin bishiya, ga Partinah ta ɗauko tsibin shinkafa mai kurkur a faranti, ta girke shi a kan gammon takardar nan da na ba ta. Na sa aka loda wa motar taki har ya yi tozo, na ce maza biyar su hau sama, don kada wani ya ce da sauƙin kaya ta haye. Na sa baƙar riga, na soke sifana a ƙugu. Abu ɗaya ne bai samu ba: idon jama'a ya hana ni leƙa tukunyata, ga ledar dama ta fara yagewa saboda yawan ziyarar da nake kai mata.

Na taho daga ƙasa. Na danna hon, na danna, na sake dannawa, har sai da Pak Wiryo ya dafe ƙirji. Na take totur har ƙasa. Daidai gindin bishiya ta fara shaƙewa. Mai ƙaramar zuciya zai ɗaga ƙafa. Ni kuwa ƙauye guda na kallona, ga Ginem ta riga ta cire takalmi ɗaya. Na danne, na ƙara dannewa. Sai na ji wani "fut!" a cikin injin, kamar maƙogwaro ya haɗiye loma. Motar ta yi kururuwa ta zabura gaba.

Jama'a suka ɗauki tafi. Na fito da kai ta taga ina cewa, "Allo! A kira mai allo!"

Sai tafin ya fara mutuwa. Hayaƙin da ke fita ta salansa ba baƙi ba ne, wani ruwan ƙasa ne mai kauri, yana tafiya a hankali kamar mai jin daɗin kansa. Maza biyar ɗin nan suka diro daga kan takin. Motar ta yi tari biyu ta mutu, amma babu wanda ya kula. Duk mazan ƙauyen sun tsuguna a bayanta sun kewaye salansa, hanci a buɗe. Mutanen da tun suna goye suke shaƙar taba, kowa gwani ne.

"Wannan ba ta gangare ba ce."

"Ina! Ji danƙo. Ta ƙololuwa ce."

"Ta bara?"

"Hancinka ya mutu. Ta shekarar dogon rani ce."

Mbah Tarmo ya ja numfashi mai tsawo, ya lumshe ido. "Mutum ɗaya ne ya samu irinta a shekarar. Ni na taya shi yanka."

Kowa ya juya. Ba a sha wahalar neman Pak Wiryo ba. Shi ne a sahun gaba, fuskarsa kusan cikin salansar, hawaye na zuba, wannan karon na gaskiya.

"Wiryo," in ji Saminem. Ba ta ɗaga murya ba, amma tsuntsayen ceɗiyar sun tashi.

"Na'am."

"Ƙanshin me nake ji?"

Nan ne ilmi ya yi rana. Na yi tsalle na ɗaga hannu sama. "Jama'a, alama ce! Tabar da Baba ya ƙone rannan, ashe nan hayaƙinta ya zo, mai ceɗiya ya karɓa ya ajiye. Yau yana busa mana ita don mu san ya huce!"

Pak Wiryo ya miƙe zumbur ya rungume ni. "Haka ne! Haka ne! Na sha faɗa, yaron nan injiniya ne!"

"Yaushe ka faɗa?" in ji Partinah.

"A zuci."

Mbah Tarmo ya ce, "Mai ceɗiyar nan dai ya iya zaɓe."

Saura ƙiris mu tsira. Har wasu tsofaffi sun fara gyaɗa kai. Amma Saminem ta yi shekarun da suka fi nawa tana yanka taba, hancinta ba ya karɓar labari. Ta bi motar daga baya tana shinshinawa, ta wuce bodi, ta wuce ƙofa, ta tsaya a gaba.

"Ɗaga."

"Inna, sirrin sana'a..."

"Ɗaga, ko in ɗaga da kanka."

Na ɗaga. Hancinta ya kai ta kan tukunyar kai tsaye. Ta murza notin da yatsu biyu ta cire murfin. Ga ledar nan a yage, rabinta ya shige maƙogwaron kafireta, baƙar taba ta dame da mai ta toshe ko'ina. Ta zaro jar roba ta ɗaga sama.

"Robata!" in ji Partinah. "Wadda ka ce akuya ta cinye!"

Saminem ta zaro takardun naɗi. Babu wanda ya yi tambaya, duk ƙauyen ni kaɗai ke yanka nawa daga tsohon littafin makarantar da ban ƙarasa ba. Partinah ta daɗe tana kallon zagayen tukunyar. Sai ta koma gindin bishiya, ta ɗaga farantin shinkafa, ta ɗauko gammonta, ta zo ta ɗora a ciki. Ya zauna daram. Ya fi ledar ma zama.

Sai ga muryar Mbah Tarmo. "Injiniya, tuna mini. Wuta, mai, da me ka ce na ukun?"

"Iska, Mbah."

"Kyauta ce ko?"

Abin da ya biyo baya ba dariya ba ce, girgizar ƙasa ce. Har Ginem sai da ta zauna a ƙasa, takalmi a hannu.

Saminem ta yanke hukunci a tsaye, ba ta nemi shawarar kowa ba. Mota sai an ja ta zuwa Parakan a kwance mata ciki, ita da aiki sai bayan shuka. Rumfar bakin titi an ba Ginem ta jera sababbin kwalabe. Taki kuwa, kamar yadda aka yi alkawari, bayana. Shi kuma mai rantsuwa da hawaye zai bi ni da ƙafa duk sawu, hawa da sauka, tunda likita ya ce huhunsa na son iska.

Aka ci kaji ban samu ko wuya ba. Aka ɗora mini buhun farko tun a wurin. Ina rangaji zan wuce ceɗiya, mutane suka haɗa baki: "Danna hon! Danna hon!" Na ce "fiif" da bakina, don ni ba na raina al'ada.

Sai da muka yi nisa, babu kowa sai mu biyu da warin kaji, Pak Wiryo ya waiga hagu ya waiga dama, ya matso kusa da kunnena.

"Diran, ɗana."

"Na'am, Baba."

"Ko 'yar kaɗan ba ka rage a aljihu ba?"

"Baba, motarka ta shanye duka."

Ya ja tsaki. Muka kai gona, muka sauko. Da aka zo ɗora mini na biyu, sai ya ɗaga wa masu lodin hannu.

"Ku ɗora masa biyu," ya ce. "Na lura a hankali yake hawa. Ba zai shaƙe ba."